Siginar Kawu Ta Ƙi Ƙiftawa

Kawu ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa motar wani kamfanin sabulu kafin ya yi ritaya, kuma bai taɓa gogar motar kowa ba. Abu ɗaya ne tsufa ya taɓa masa: kunne ya yi nauyi. Idan ya kunna sigina a tsohuwar motarsa ya sha kwana, ba ya jin ƙas-ƙas ɗinta, sandar siginar kuma ta daɗe da daina komawa da kanta. 'Yar kibiyar da ke allon gabansa ta dusashe, da rana ba a ganinta. Sai ya yi ta tafiya miƙe sigina na cewa zai shiga hagu, na baya suna ta danna masa ham. Matarsa, wadda kowa a gidan ke kira Inna, ita ce ke zungurar gwiwarsa ta ce, "Malam, kashe abin nan." Ranar da ba ta cikin motar kuwa, sai yadda hali ya yi.

Da tsatsa ta fara cin gefen motar, mai fenti ya ce sai an cire siririn ƙarfen adon da ya bi jikinta daga gaba har baya, don a ƙarƙashinsa ruwa ke kwanciya. Kawu ya ce shi zai cire da hannunsa, ba ya son a lanƙwasa masa. Ran Asabar da hantsi ya naɗe bakin sukundireba da tsumma, ya tsuguna a tsakar gida yana ɓamɓarewa a hankali, maƙalan roba suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya.

Yana cikin haka Auta ta shigo da fankar Inna a kafaɗa. Auta 'yar ƙanwarsa ce, shekararta talatin da 'yan kai, tana da shagon gyaran fanka da rediyo da dutsen guga a bakin titi. Ta gaishe shi da ƙarfi don ya ji, ta ajiye fankar, ta tsaya tana kallon motar. Inda ƙarfen ya tashi ya bar layin tsohon fenti mai haske, da ƙananan ramuka a jere, kowanne ɗan yatsa zai shiga.

"Kawu, waɗannan ramukan fa?"

"Mai fenti zai toshe."

Ta zura ƙaramin yatsanta a ɗaya, ta leƙa. Sai ta zagaya ta zauna a kujerar direba, ta kalli madubin gefe.

"Kawu, ɗora yatsanka a ramin can na baya. A'a, na kusa da taya. Yauwa. Ka san ina ganin yatsanka tsaf a madubi?"

"To sai aka yi yaya?"

"Idan fitila ce a wurin fa? Kai da ba ka minti ɗaya ba ka kalli madubi ba."

Kawu ya miƙe, ya daɗe yana kallon ramin. "Kin taɓa yin wayarin mota?"

"Ban taɓa ba. Amma wuta ai wuta ce."

Inna, da ke tsince shinkafa a ƙofar ɗaki, ta ce, "Ku dai kada ku ƙona mana ita. Ita kaɗai gare mu."

Washegari Auta ta dawo da jakar kayan aiki da ƙananan fitilu shida ruwan lemo, masu kai kamar maɓallin riga. Ramuka uku na bayan ƙofar baya suka zaɓa a kowane gefe, saura a bar wa mai fenti. Ta kankare tsatsar bakin kowane rami, ta sa zoben roba don kada ƙarfe ya yanke waya, ta shiga but ɗin motar rabin jikinta tana jan wayoyin zuwa fitilun baya. Kawu yana miƙa mata filaya da salatif, yana tambayar dalilin kowane abu. Da ta ga tsofaffin ƙwayayen sigina huɗu sun yi baƙi, ta zare su ta sa sababbi irin na zamani, waɗanda ba su cin wuta, ba su zafi.

"Kunna mu gani."

Kawu ya ɗaga sandar. Gefen dama ya kama gaba ɗaya, gaba da baya da 'yan ukun, gwanin kyau. Suka tsaya suna jira. Fitilun suka zuba musu ido kawai, ko ƙiftawa ɗaya babu. Ya gwada hagu, haka nan.

"Ta zama kifi," in ji Inna. "Ido a buɗe, ba rufewa."

Auta ta bi wayoyin sau uku. Ta duba fis, ta kankare inda wayar ƙasa ta kama jikin mota, ta sake ɗaurewa. Komai daidai. Ta zauna a kan bokiti ta yi tagumi, ba don haushi ba, abin ne ya ɗaure mata kai. Wuta ta zo, ƙwai ya kama, to me ya rage?

Kawu ya tsuguna kusa da ita. "Ni fa tambaya gare ni, kada ki yi dariya. Shekara talatin ina jin ƙas-ƙas ɗin nan, ban taɓa tambayar wa ke yin sa ba. Ƙwai ba ya ƙara. Sanda ba ta ƙara. To wane ne?"

Auta ta ɗago kai. Ita ma ba ta sani ba.

Suka mayar da tsofaffin ƙwayaye biyu na gefen dama don a samu ƙarar, nan take kuwa siginar ta ci gaba da ƙiftawa kamar ba ita ba. Auta ta kasa kunne ta ce daga ƙarƙashin sitiyari ne, amma wayoyi sun yi yawa a wurin, ta kasa cewa ga takamaimai. Kawu ya ce ta matsa. Ya kwanta rigingine a kan tabarmar motar, ƙafafu a waje, hula ta faɗi, yana lalube da yatsu cikin duhu.

"Na kama shi!" ya ce. "Yana bugawa a hannuna kamar zuciyar ɗan tsako."

Ɗan gwangwani ne, bai kai na tumatir ba, da ƙafafu biyu. Suka zare shi suka kai kan tabarma a inuwa. Auta ta ɗaga bakin murfin da tsinin wuƙa a hankali. A ciki babu komai sai wani siririn falle na ƙarfe, an naɗe shi da waya mai kaurin gashi, da ɗan kai a ƙarshensa inda yake taɓa wani ƙarfen. Ta juya shi a hannu, ta kanne ido, sai ta fashe da dariya.

"Kawu, ai wannan ɗan'uwan na cikin dutsen guga ne! Kullum ina canza irinsa. Idan wuta ta bi ta cikinsa ya yi zafi, sai ya lanƙwashe ya saki, fitila ta mutu. Ya huce, ya miƙe ya sake taɓawa, fitila ta kama. Bugun da yake yi shi ne ƙarar."

"To me ya hana shi yau?"

"Sababbin ƙwayayen ba su jan wutar da za ta ɗumama shi. Yana nan kwance cikin sanyi, bai ma san an kunna ba."

Kawu ya karɓa, ya kai kusa da ido. "Wato duk tsawon shekarun nan, zafi ne ke sa shi rawa." Ya kira Inna ta zo ta gani. Ta leƙa ta ce, "Wannan ɗan abin ne ya kwantar da kai a ƙasa kamar makanike?" Amma ba ta koma ba sai da ya maimaita mata bayanin, ya ƙara nasa a kai.

Suka rufe gwangwanin suka mayar. Sauran tsofaffin ƙwayaye biyun Auta ta goge su da tsumma ta mai da su gurbinsu, sababbin ta zuba a jaka. 'Yan shidan gefe kuwa suka bi sahu, suna ƙiftawa tare da manyan.

Da la'asar suka fita gwaji, Inna a gaba ta harɗe hannuwa, ta yi alkawarin ba za ta ce uffan ba. Kawu ya kunna sigina ya sha kwanar kasuwa. Auta tana baya tana ƙirgawa a zuci. Ta kai bakwai, idonsa ya kai madubi, hannunsa ya sauke sandar. A kwana ta biyu huɗu ta ƙirga. A ta uku rana ta haske gefen hagu, fitilun suka ɓace a cikinta, suka yi tafiya mai nisa sigina na kunne har Inna ta fara tari na ƙarya. Auta ta ce wannan kam sai an yi musu 'yar rumfa ta roba a sama, za ta yanko daga tsohon tiyo.

Mai fenti ya toshe sauran ramukan a makon, ya yi ta zagaya motar yana tambayar inda ake sayar da irin waɗannan fitilu.

Ran Talata da safe Auta tana buɗe shago ta tarar da Kawu zaune a kan benci, da wani baƙin abu mai kamar katantanwa a cinyarsa, wayoyi biyu na reto.

"Kawu, lafiya? Wannan ba ham ɗin motarka ba ne?"

"Shi ne. Lafiyarsa ƙalau." Ya miƙa mata. "Ɗauko wuƙar nan taki. So nake in ga abin da ke kuka a ciki."