Malama Sikeli da Unguwar Bakin Rafi

Ɗalibai ne suka sa mata Malama Sikeli, kuma ba don ƙauna suka sa ba. Ita ke koyar da darasin gwamnati a manyan azuzuwa, kuma tun da take ba wanda ya taɓa jin inda ta karkata. Ka tambaye ta ko hukuma ta kyauta, sai ta auna maka kyautawar, ta auna maka ɓarnar, ta miƙo maka duka biyun ta ce ka je ka yi tunani. Dokar makarantar ce ta ce kada malami ya shigo da ra'ayinsa na siyasa cikin aji. Sauran malamai sukan tuna da dokar ne idan sun hango shugaban makaranta ta taga. Ita kuwa ta riƙe ta da gaske, shekara da shekaru, har ta zame mata jiki.

A gida ne sikelin ke karyewa. Mijinta, tsohon direba da ciwon baya ya zaunar, shi ke shan duk ra'ayin da ɗalibai ba su samu ba. Da ta dawo ta cire takalmi, ta tsoma ƙafafunta a ruwan ɗumi, sai ta fara. A 'yan watannin nan maganar ɗaya ce, sabuwar hanyar da hukuma ta ce za ta ratsa unguwar bakin rafi, a rushe gidajen, a ba mutanen filaye can bayan gari inda ko famfo babu.

"Ga filin tsohuwar masana'anta can a kwance, awaki ne kawai ke yawo a ciki," in ji ta. "Amma hanyar nan ba ta ga wurin bi ba sai ɗakin talaka. Zalunci ne, ko wa ya yi shi."

"Jiya ma haka kika ce," in ji mijin, yana gyara matashi a bayansa. "Ni da za ki rage mini ki kai wa yaran nan rabi, da kunnena ya samu hutu kafin in mutu."

Ba ta kai musu ba. Abin da takan yi a aji shi ne muhawara a ƙarshen mako: ta ɗauko maganar da ake yi a rediyo, ta raba aji biyu. In ɓangare ɗaya ya rasa mai tsaya masa, ita take tsayawa, don ta tsani a yi muhawara da ƙafa ɗaya. Amma kullum sai ta fara da cewa, "Ku ji da kyau, bakin waɗanda ba sa nan zan ara, ba nawa ba ne." In ta gama kuma sai ta juyo ta rushe abin da ta gina, a tashi kunnen doki.

Ranar da aka ɗauko maganar hanya, ta shigo ne daga azuzuwa uku a jere, kanta na sarawa, maƙogwaronta cike da ƙurar alli. Aji gaba ɗaya ya koma ɓangaren masu cewa kada a rushe. A gabansu akwai yarinyar da ake kira Lauya, 'yar wani kafinta a unguwar bakin rafin, wadda ba a kayar da ita a magana, kuma ita ce Malama ke sa ran za ta fitar da ajin kunya a jarrabawar ƙarshe. Lauya ce ta yi magana a madadinsu. Ta ce kakanta ne ya kafa gidan, babanta kuma ya rantse ko katafila za ta bi ta kansa ba zai tashi ba.

Malama ta dubi ɗaya ɓangaren, kujeru ne kawai. Ta dafa tebur ta miƙe da ƙyar, ta shiga magana kai tsaye. Gajiya ta sa ta tsallake maganar aron baki, ba ta ma lura ta tsallake ba. Mutum kuwa ba abin da ya sani kamar hujjar da ya daɗe yana jin haushinta, don haka ta jero su tiryan-tiryan. Ta ce duk damina rafin nan yana shiga ɗakuna, yara na kwanciya da zazzaɓi. Ta ce lungunan ko motar asibiti ba ta shiga. Ta ce in ma'auna ƙasa sun riga sun kafa turaku, hukuma ba ta komawa baya, kuma wanda ya tashi da wuri shi ke fita da ƙofarsa da kwanon rufinsa, wanda ya yi taurin kai sai dai ya tsinci tukwanensa a cikin ɓaraguzai. Ɗaliban suka zuba mata ido. Ba su taɓa jin ta yi magana da zafi haka ba.

Ta buɗe baki za ta juyo ta rushe, sai aka kaɗa ƙararrawa. Malamin lissafi ya riga ya tsaya a bakin ƙofa yana buga rula a tafin hannunsa, shi da ba ya yafe ko minti. Ta tattara littattafanta ta ce a ranta mako mai zuwa za ta ƙarasa. Mako mai zuwa aka fara gwaji, wanda ya biyo baya aka tura ta taron bita, maganar ta bi ruwa.

Wata ranar da hantsi, lokacin hutun tara, tana ofishin malamai ita kaɗai tana duba takardun gwaji, fanka na ƙara a sama ba ta ba da iska, shayinta ya huce a kofi. Ta ji sallama, ta ɗaga kai ta ga Lauya a bakin ƙofa cikin kayan gida.

"Ke kuma lafiya? Ina kayan makarantarki?"

Yarinyar ta shigo ta rusuna. "Sallama na zo yi miki, Malama. Yau za mu tashi. Can bayan gari ba motar da ke zuwa da safe, Baba ya ce in haƙura da makaranta tukuna, sai an ga yadda hali ya yi."

Malama ta ajiye biro. "Ba babanki ne ya ce ko katafila ba za ta tashe shi ba?"

"Shi ne. Ni na shawo kansa." Lauya ta yi ɗan murmushi irin na wanda ya ci muhawara. "Na faɗa masa duk abin da kika faɗa mana, ban rage komai ba. Da farko ya yi faɗa. Sai na ce masa, Baba, matar nan shekara da shekaru ba ta taɓa faɗa mana ra'ayinta a kan komai ba, in har ta buɗe baki a kan wannan, to ta ga abin da ba mu gani ba. Sai ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Washegari ya hau ya cire kwanon da hannunsa."

"Sauran maƙwabtan fa?"

"Ai da suka ga Baba ya cire, kowa ya karaya. Dama shi suke kallo. Yanzu gidaje kaɗan ne suka rage."

Malama ta ture takardun gefe. Ta ji kunya, ta ji tausayin yarinyar, ta kuma ji haushin kanta irin wanda ba shi da wurin sauka.

"Na gode da kika faɗa mana gaskiya," in ji Lauya. Sai murmushin ya ragu. "Amma Malama, jiya da na ga ɗakinmu ba rufi sai na kasa cin abinci. Mun yi daidai ko? Ke ma da haka za ki yi?"

Ƙarya tana nan kusa, mai sauƙi, kuma da yarinyar ta tafi da ita cikin kwanciyar hankali. Malama ta duba ta ga ba ta da ƙarfin ɗaukarta.

"A'a, 'yata," ta ce. "Da ni ce, da ba zan tashi ba. A ganina zalunci ne, akwai inda hanyar za ta bi ba tare da ta taɓa gidan kowa ba. Abin da kika ji ran nan ba ra'ayina ba ne. Ɓangaren ne ya rasa mai magana, na tsaya masa, lokaci ya ƙare ban ƙarasa ba."

Lauya ta dube ta. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi wa Malama sauƙi.

"To me ya sa ba ki faɗa mana naki ba?"

"Doka ba ta yarda malami ya faɗi nasa a aji ba."

"Amma ta yarda ki faɗi nasu."

Malama ta nemi wata hujja ta ɗaya ɓangaren, ita da ba ta taɓa rasawa ba, ta rasa.

Yarinyar ta miƙe ta gyara mayafinta. "Ba zan faɗa wa Baba ba," ta ce a hankali. "Ya riga ya cire kwanon. Gara ya ci gaba da ganin mai ilimi ce ta ba shi shawara."

Ta rusuna kamar yadda ta saba, ta fita, don motar kayansu na jiranta a bakin titi.