Baba a Shagon Tartsatsi

Tun da aka kaɗa gangar zaɓe, Mai Kyamis ya samu sana'a ta biyu, kuma ita ya fi riƙewa da gaske. Mai ciwon kai zai tsaya a bakin kanta yana miƙo takardar magani, shi kuwa kai a sunkuye, yatsa na rawa a kan waya, yana cewa, "Ina zuwa," alhali babu inda ya je.

Akwai wani shafi da ake sa labaran zaɓe, a ƙarƙashinsa 'yan jam'iyya mai shuɗi da 'yan mai rawaya suke tafka tsiya. Shi ɗan shuɗi ne na a-mutu. Abokin karawarsa wani mai walda ne ɗan rawaya, mai kiran kansa Tartsatsi. Ba su taɓa ganin juna ba, amma kullum da juna suke karya kumallo. Tartsatsi ya ce masa Likitan Bogi, shi ya ce masa jahili mai ƙona ƙarfe. Wata rana abin ya kai ga iyaye, Mai Kyamis ya rubuta, "Da ubanka ya ba ka tarbiyya da ba ka zama haka ba." Tartsatsi bai ce uffan ba ranar. Gogan naka ya ɗauka ya yi nasara, ya kuma rufe akwatin saƙonsa don kada a biyo shi can da zagi.

To, shi ma yana da uba, tsohon kafinta da tsufa ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, har sunan unguwarsu ya kan ɓace masa. Da safe matar Mai Kyamis, wadda ake kira Malama, takan ajiye Baba a kujera a ƙofar kyamis kafin ta wuce makarantar da take koyarwa. Aikin mijin ɗaya ne: ya riƙa ɗaga kai.

Ana gobe zaɓe bai ɗaga ba. Yana can yana wanke wani ɗan rawaya tas, da ya waiwayo sai kujera da sanda a jingine.

Ya fito a guje. Ya tambayi mai aski, ya tambayi mai shayi, kowa ya ce bai lura ba. Titi cike da motocin kamfe da lasifika, matasa a kan babura suna gudu kamar an koro su. Ya leƙa tasha, ya leƙa asibiti, yana kiran "Baba! Baba!" muryarsa na nutsewa cikin kiɗa. Wayar kuwa sai kuka take a aljihu. Ya zaro, ya ga an rubuta: Tartsatsi ya ambace ka. Ya ja tsaki ya mayar. Ta sake, ya sake gani, ya ce Allah ya isa tsakaninsa da wannan ɗan banza da bai san lokacin wasa ba.

Malama ta iske shi a bakin gada, gumi ya jiƙe masa riga. Ba ta yi masa faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Ta ce, "Kawo wayar in sa hotonsa, ko wani ya gan shi."

Tana buɗewa ta yi turus. "Baban yara, duba nan."

Tartsatsi ya rubuta, "Likitan Bogi, ka fito." Ya sake, "Likitan Bogi, wallahi ba faɗa ba ne, ka duba." 'Yan kallo a ƙasa sai zuga suke, wai yau za a yi ta ta ƙare. Can ƙarshe ga hoto: Baba zaune a kan benci da kofin shayi a hannu, da kwatancen shago a bayan masu sayar da taya.

Suka bi kwatancen. Shagon ɗan ƙarami ne, ƙofofin ƙarfe a jingine, injin walda a kashe. Baba na zaune a inuwa, an ɗora masa hular hana-salla rawaya, yana goga wani guntun ƙarfe da magagari, hankalinsa kwance. Kusa da shi wani gajeren mutum mai furfura a gemu ya miƙe. Mai Kyamis ya daɗe yana zana Tartsatsi a ransa ƙato mai jajayen idanu, sai ga mutum da ko kafaɗarsa bai kai ba.

Mai Kyamis ya durƙusa ya riƙe gwiwoyin Baba, hawaye suka zubo masa. Da ya samu bakin magana ya ce, "Ɗan'uwa, yaya aka yi ka gane shi?"

"Ba shi ne a hotonka na shafi ba, kana rungume da shi? Kullum sai na ga fuskar nan kafin in zage ka. Na hango shi a tsakiyar titi babura na kauce masa, na ce wannan ai baban Likita ne. Na nemi in turo maka saƙo, ka rufe. Na ce to, inda muke faɗa dai ba ka fashi."

Malama ta dubi injin. "Kuma aikinka ka tsayar?"

"Hasken walda ba ya yi wa idon tsoho kyau. Aiki ya jira." Ya gyara wa Baba hular, ya ce a hankali, "Nawa ya rasu, Likita. Ranar da ka yi maganar tarbiyya, ina gefen gadonsa a asibiti. Ka riƙe naka da kyau."

Kunya ta rufe Mai Kyamis, godiya kuma ta cika masa ƙirji har ya rasa wadda zai fara furtawa. Ya kama hannun Tartsatsi mai kanta da hannu biyu. "Ka yafe mini. Na gode, na gode. Allah ya jiƙan mahaifinka."

"Amin. Amma fa gobe rawaya zan dangwala wa."

"Dangwala, ɗan'uwa. Ko ni zan raka ka layi."

Da za su tafi, Malama ta kai hannu za ta cire hular ta mayar, Baba ya dafe ta da ƙarfi ya ce tasa ce. Haka Mai Kyamis ya ratsa unguwarsu, inda kowane bango shuɗi ne, riƙe da hannun ubansa mai rawayar hula. Mai aski ya ƙwala masa kira yana dariya, wai ko an sauya sheƙa ne. Mai Kyamis ya ce, "Bar shi da hularsa, wanda ya tsare mini shi ne ya sa masa."