Lakar Maɗacin Hambali

"Ɗauke ƙoƙon nan, Asta. Ni na haɗa jiƙon, na san inda ƙarfinsa ya tsaya," in ji Hambali mai magani, maƙwabcina, daga kan tabarma. Matar tasa ta ɗauke, ta fita tana goge ido da mayafi.

Ni Ɗanbaba, agana ta kama ni ta sake ni. Kwalara ta share unguwarmu a Kura ta bar ni tsaye. Allura ba ta san jikina ba, kuma har gobe da kaina nake dashen shinkafata. Amma ran nan na zauna gefen Hambali, ciwo ya kwantar da shi.

Ɗakin sai warin tazargade. Ga ƙullin sabara, ga saiwoyi rataye a jikin azara, ga turmin kakansa da bakinsa ya cinye.

"Ɗanbaba, ka san maɗacin bakin kanal ɗin ban ruwa, hanyar Bunkure? Na sassaƙi ɓawonsa, ciwo ya kayar da ni ban shafa masa laka ba."

"Kana ta kanka kana ta bishiya?"

"Babana ya ce wanda ya ɗebi ɓawo bai rufe ciwon ba, ɓarawo ne. Shi kaɗai ya rage, sauran an sare an zuba tumatir. In ya bushe, masu ciwon ciki su je ina?"

"Tashi ka je da ƙafarka, rago."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ba kai ka ce ka fi jaki ƙarfi ba?"

Da hantsi na kama hanya. Wani mai babur ya ce, "Baba, hau mana." Na ce ƙafata ta girmi ubangidansa. Da na isa gindin maɗacin, na tarar da saran yana zubar da jan ƙaro, tururuwa ta yi masa layi. Na kwaɓa jar laka a bakin ruwa, na shafe shi tsaf, shafen da ko magini sai ya tsaya kallo.

Da na dawo, tun daga zaure na jiyo salatin mata.

Asta ta leƙo. "Malam Ɗanbaba, ya cika. Sai da ya ce in bar damuwa, an riga an shafa."

"Ya aka yi ya sani?"

"Ya ce ba za ka bar abin da za ka shekara kana ba da labarinsa ba."

Na tsuguna a ƙofar gida zan yi alwalar jana'iza. Ruwan butar yana sauka ja daga hannuna, ƙasa tana shanyewa.