Ƙwayar Maƙoƙo da Motar Anaca

Shekarar da aka yi wa maigidana aikin maƙoƙo soja ne ke mulki, ana ta raɗe-raɗin za su miƙa wa farar hula. Muna haya a unguwar Congo-Russia cikin Jos. Shi direba ne, Gwadabe 'yan tasha ke ce masa, yana jan babbar motar Oga Anene, wani ɗan kasuwa a Kabong. Ya kai dankalin turawa da kabeji Anaca, ya dawo da manja. Motar nan ita ce cinmu ita ce shanmu, kuma a tasha direbobin da ba su da mota sun fi motocin yawa, kowa ya zuba ido yana jiran wani ya yi tuntuɓe.

Da aka cire maƙoƙon, likita ya ce abin da ke wuyan nan shi ke ba jiki ɗumi da kuzari. Tunda babu shi, sai ya riƙa shan wata 'yar farar ƙwaya guda ɗaya kullum da safe kafin ya karya, har iyakar rayuwarsa. Kafin ta kama jikinsa mun ga abu. Mutum da rana tsaka yana cikin bargo, kana yi masa magana yana gyangyaɗi, ciki kuma ya ɗaure tamau, ya shiga bayi ya daɗe ya fito babu labari. Da ta kama shi sai ya warware sarai, Oga Anene ya miƙa masa makulli ya koma hanya.

To, direba ba ya tsoron komai kamar barci. Su a tasha abin da suka sani shi ne in goro ɗaya ya kori barci, biyu sun fi. Mutumin naka ya lura ƙwayar nan ce ta raba shi da gyangyaɗi, sai ya mai da ita goro. Da farko ranar tafiya yake ƙarawa. Daga baya ya koma kullum, in kuma zai gangara Akwanga da lodi ya sake jefa wata. Ni ina zan sani, kwalbar tana aljihunsa.

Ciki ne ya fara tona shi. Mutumin da a da sai an yi masa jiƙon tsamiya, yanzu buta ba ta hutawa. Ya ci tuwo kamar ba gobe, kafin in kwashe kwanuka ya zabura ya yi bayi. Yana ci yana ramewa, wando sai da na ƙara masa mazagi. Cikin sanyin Jos, kowa da rigar sanyi, shi gumi yake yi. Ga faɗa, cokali ya faɗi sai ya hau mutum.

Na ce, "Maigida, mu koma asibiti."

Rashin sa'a, ranar Goggo Balaraba, ƙanwar mahaifinsa, ta zo duba shi. Tana jin bayani ta ɗaga hannu sama.

"Alhamdu lillahi! Ke yarinya, me kika sani game da magani? Dattin maƙoƙon ne ke fita. Mu da muka sha jiƙo tun muna yara, in bai wanke maka ciki ba ai zubarwa muke yi mu nemi wani. Ki kai shi asibiti su tsayar masa, cutar ta koma ciki ta kwanta?"

Wallahi raina ya ɓaci, amma goggon miji ce, na haɗiye. Shi kuwa har da gyara zama, ya samu mai ɗaure masa gindi.

A hanya abin ya fi muni. Tafiya kaɗan ya taka birki ya faɗa daji da buta. Kabeji ba ya son rana, sai ya isa Anaca a makare, rabin kaya ya yi yaushi, 'yan sari su yi ta tsiya. Rannan da hantsi sai ga Oga Anene da kansa a ƙofar gida. Maigidan ya miƙa masa hannu, ya riƙe hannun bai saki ba, yana kallon yadda yake karkarwa. Ya juyo gare ni da Hausarsa ta kasuwa.

"Uwargida, faɗa mini gaskiya. Mijinka yana shan wani abu?"

Na ce ko sigari ba ya sha. Ya ce shi ba ya son rigima, amma in kaya suka sake lalacewa zai karɓi makullinsa.

Bayan 'yan kwanaki maigidan ya miƙo mini kwalba babu komai a ciki, wai in je in karɓo masa wata. A tagar ba da magani ta asibiti na tarar da Sista Immaculata, wadda ta yi jinyarsa lokacin aiki. Ta juya kwalbar, ta dube ni.

"Wannan ya kamata ya kai shi bayan Kirsimeti. Su nawa ke sha a gidanku?"

Nan na gane wuce ƙa'ida yake yi. Na koma gida ban ko cire mayafi ba na tsare shi, ya yi 'yan kame-kame, sannan ya faɗa. Ban san lokacin da na ce masa, "Goro aka ce maka?" ba. Washegari na tasa shi gaba sai asibiti.

Likita ya kama wuyan hannunsa yana duban agogo, ya sa ya miƙe yatsu, ya ɗora shi a sikeli. Ya ce babu wani datti da ke fita. Ƙwayar ce ta yi yawa, ta sa komai na jiki gudu, hanji na gudu, zuciya na gudu, abinci na wucewa bai tsaya ya amfane shi ba. Ya ce gudawar ma da sauƙi, zuciyar ce abin tsoro, don tana iya yanke masa yana kan sitiyari. Ya rage masa maganin, ya hana shi tuƙi sai jiki ya daidaita, kuma ya ce abin zai ɗauki makonni.

Oga Anene bai yi faɗa ba. Ya ce Allah ya sawwaƙe, har ya aiko mana da galan ɗin manja. Amma dankali ba ya jiran mai jinya, ya ba wani direba mai suna Cyprian motar, wai kafin a warke.

An warke kuwa. A hankali cikin ya lafa, hannu ya tsaya, kumatu suka dawo. Ya sa wankakkun kaya ya tafi Kabong. Kafin azahar ya dawo, ya zauna bakin gado ya cire hula. Oga Anene ya ce Cyprian bai taɓa makara ba, shi ma yana da iyali, ba zai iya ƙwace masa ba gaira ba dalili. In yana so, ya riƙa tsayawa a tasha yana lura da lodi.

Ya karɓa, yara za su ci abinci.

Wata safiya zan shiga kasuwa sayen kayan miya, na bi ta gefen tasha. Sai na ji muryarsa. Yana tsaye a bayan motar nan, yana buga bodinta da tafin hannu, Cyprian ya leƙo kai ta taga.

"Zo baya. Zo baya. Karya hagu kaɗan. Ya isa!"

Na ja mayafina na bi ta layin masu tumatir, don kada ya san na gani.