Abin da Sista Ta Gani Daga Hasumiya

Matata ta rasu ranar Talata, ƙarfe goma da kwata na safe, a asibitin da ta shekara talatin da biyu tana aikin jinya. Gadon da ta cika a kai, ita da kanta ta taɓa rubuta takardar ƙorafi cewa ƙafarsa ɗaya ta fi sauran gajarta. Na duƙa na duba. Ba a gyara ba.

Kowa Sista yake kiranta, har ni. Ni kuwa malamin tarihi ne da ya yi ritaya, na karanta littattafai fiye da yadda suka amfane ni ko wani. Saura kwana biyu ta tafi, ta kama hannun rigata ta ce, "Malam, ka koma ka hau hasumiyar nan."

Na ce to. Ba zan tsaya musu da wadda ake yi wa ƙarin ruwa ba.

Na san hasumiyar da take nufi. Sau ɗaya tak muka taɓa fita yawon buɗe ido ni da ita, shekara talatin da ɗaya da suka wuce, zuwa gandun dajin nan na kan duwatsu inda kufan wani tsohon birni yake. Ita itatuwa ta je gani. Ni na tafi da littafi mai koren bango, na wani babban masani da ya mutu tun ba a haife ni ba. A tsakiyar kufan akwai wani ƙaton rami zagayayye, an gine bangonsa da dutse. Jagoran da ke zagayawa da mu ya ce ma'ajiyar ruwa ce. Littafina, a shafi na ɗari da sha huɗu, ya ce rumbun hatsi ne. Na gyara masa. Ya ƙi gyaruwa. Muka tsaya a bakin ramin muna ta ja, sauran 'yan yawo suka gaji suka watse. Sista ta ce za ta hau hasumiyar da ke can ƙololuwar dutse, in taho mu je. Na ce ta yi gaba, ina tafe.

Ta fi awa ɗaya a sama. Da ta sauko ta tarar da ni inda ta bar ni, ina karanta wa jagora ƙananan rubutun ƙasan shafi.

Ta ce, "Da ka hau ka gani."

Na ce, "Na karanta."

Ba ta sake tada zancen ba. Ni ne na yi ta tadawa. Duk baƙon da ya zauna a falonmu sai ya ji yadda na ƙure jagora a bakin rumbu. Na koyar da rumbun a aji, na sa shi a jarrabawa, na soke amsar duk wanda ya rubuta ruwa, har da 'yar cikina. Ita kuwa Sista, da zarar na ɗauko labarin sai ta miƙe ta ƙara wa baƙo shayi. Na ɗauka kunya ce irin ta matar da mijinta ya fi kowa sani.

Wata biyar bayan rasuwar, 'yarmu Auta ta shigo ta same ni a kicin ina cin burodi a tsaye.

"Baba, ka yi wa Mama alkawari."

"Cewa na yi to. Hanyar rufe magana ce."

"Ai ta rufu, Baba. Saura hawan. Asabar zan zo da mota."

Ban hana ta ba, kuma ba don alkawari ba. Mace ta zauna da kai shekara talatin da takwas, a ce maganarta ta ƙarshe mai kan gado a kan wata hasumiya ce. Abin ya tsaya mini a rai. Na so in san mene ne a can sama da ya fi ni muhimmanci.

Tafiyar awa huɗu ce. Auta tana tuƙi kamar uwarta, hannu biyu a sitiyari, tana yi wa kowane direba nasiha ta cikin gilashi a rufe. Na ɗora koren littafin a cinya ban buɗe ba.

Dajin yana da kyau, ban musa ba. Itatuwa dogaye, in ka ce sai ka ga ƙarshensu hularka ta faɗi. Gansakuka ta rufe kowane dutse, ruwa yana fitowa daga wani wuri yana wucewa wani wurin ba tare da ya nemi ra'ayin kowa ba. An ƙara abubuwa tun zuwanmu: shagon huluna, benci-benci, da allon da ya hana ba birai abinci, biri biyu zaune a kansa suna cin biskit. Mutane sun yi tafiyar awa huɗu don su juya wa dajin baya su ɗauki hoton fuskarsu.

Muka ratsa kufan. Ragowar ganuwa, ƙofar da ba ta shiga ko'ina, duwatsun da aka sassaƙa aka jera tun kafin a san takarda a wurin. Ramin yana nan yadda na bar shi, an dai kewaye shi da sarƙa. Na leƙa. Busasshe ƙayau, sai ganye da robar ruwa ɗaya da wani ya jefa.

"Kin gani?" na ce wa Auta. "Ina ruwan?"

"Mu je, Baba. Ƙarfe huɗu ake rufe hasumiyar."

A gindin matakala wani tsoho yana zaune a ƙarƙashin rumfa, gabansa tarin sanduna a cikin durom, yana ba masu hawa aro.

"Sannu da zuwa, dattijo. Sanda?"

"Ƙafafuna biyu, sun ishe ni."

Ya dube ni, ya dubi littafin da ke hammatata. Ya daɗe yana dubansa.

"Shafi na ɗari da sha huɗu," in ji shi.

Sai a lokacin na gane shi. Jagoran ne. Gashi ya tafi, haƙora sun bi shi, taurin kan dai yana nan a goshi.

"Shekara arba'in na yi ina zagayawa da mutane a wurin nan," ya ce wa Auta. "An zage ni da harsuna kala-kala, 'yata. Amma mutum ɗaya ne ya taɓa kirana jahili har da lambar shafi."

Auta ta juya mana baya, kafaɗunta suna rawa don dariya.

Na ce, "Har yanzu kana gaya wa mutane ruwa ne?"

"Na daina gaya wa kowa komai. Gwiwa ta ƙare. Yanzu sanda nake miƙa musu su je su gani da kansu. Ina baiwar Allahn da kuka zo tare? Mai farin takalmi."

"Ta rasu."

"Allahu akbar. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta." Ya shafa addu'ar a fuska. "Mutuniyar kirki. Ita ta hau. Da ta sauko ta matso ta ba ni haƙuri, kai kana can kana laluben wani shafin."

"Haƙurin me?"

Ya zaro sanda daga durom ya miƙo mini. Na karɓa, don kada hannunsa ya gaji.

Matakala ɗari huɗu da sha biyu ne. Littafin bai faɗi haka ba, gwiwoyina ne suka ƙirga. A ta ɗari na tsaya duba wata bishiya da ba ta da abin dubawa. A ta ɗari biyu wata mata da ta girme ni ta wuce mu tana cin lemo, ta ce mini sannu, abin da har yau ban yafe mata ba. Auta ta ce in kawo littafin ta riƙe mini, na ce ba shi da nauyi. A ta ɗari uku na miƙa mata ba tare da na dube ta ba.

"Baba, ko mu koma? Fuskarka ta canza."

"Haka take tun asali."

"Mama za ta fahimta."

"Abin da ya dame ni da ita ke nan. Mu je."

Mun isa saura minti ashirin a rufe. Mai gadin hasumiyar ya dubi agogo, ya dube ni, ya ga alama ba zan iya yin wata ɓarna ba, ya matsa. A sama iska ce kawai da dogon ƙarfen dafawa. Na jingina da shi har numfashina ya dawo, sannan na leƙa ƙasa.

Daga can kufan gaba ɗaya bai fi faranti ba. Ganuwar ta zama zare, ramin ya zama bakin kofi. Kuma daga gangaren duwatsu layuka bakwai suna saukowa, miƙaƙƙu, ciyawarsu ta fi ta kewaye duhun kore. Sun ratsa ƙarƙashin ganuwa, sun bi ta tsakanin kangaye, duka bakwai ɗin sun ƙare a bakin ramin. Magudanai ne da ƙasa ta binne, har yanzu danshi yana bin su, shi ya sa ciyawar kansu ba ta bushewa. In kana ƙasa kana tafe a kansu ba za ka sani ba. Na tsaya a kan ɗaya daga cikinsu fiye da awa ɗaya ina karatu da ƙarfi.

Babu mai jawo magudana bakwai zuwa rumbun hatsi, sai in gaba yake yi da hatsin.

Na karɓi littafin daga hannun Auta, na buɗe gabatarwa. A sakin layi na ƙarshe masanin yana gode wa wani abokinsa da ya aiko masa da zanen kufan, domin rashin lafiya ya hana shi zuwa da kansa. Na san layin. Har na taɓa ja masa layi da jan biro, saboda jimlar ta burge ni. Ashe mu biyu ne ba mu hau ba.

Wani abu kuma: daga inda nake ana ganin bakin ramin sarai. Wani mutum yana tsaye a wurin yana magana a waya yana wurga hannu, bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Nan Sista ta dafa wannan ƙarfen, magudanai bakwai a gabanta, da mijinta ɗan mitsitsi a ƙarshensu yana kaɗa koren littafi.

"Maki biyuna, Baba," in ji Auta.

"Wane maki?"

"Aji uku. Na rubuta ruwa, ka soke da jan biro, ka rubuta 'a riƙa karatu' a gefe."

"Wa ya ce miki ruwa ne?"

"Wa kake tsammani?"

Iska ta ɗaga shafin, na danne shi da babban yatsa.

"Me ya hana ta gaya mini?"

"Na tambaye ta ranar, ina kuka. Ta ce ba ɓoyewa take yi ba. Duk ranar da ka tambaye ta, za ta faɗa maka."

Mai gadi ya kaɗa makullai. Muka sauko. Saukowa ta fi hawa ciwo, wannan ma babu shi a littafin.

Tsohon yana nan yana tattara sandunansa. Na mayar da tawa cikin durom. Bai tambaye ni komai ba, ya ci gaba da ɗaure su da igiya, wanda na ɗauka rashin imani ne.

Na ce, "Ruwa ne."

"Na sani."

"Na kira ka jahili."

"Ka kira."

"To, na janye."

"Allah ya kai ku gida lafiya, Malam. A kula da gwiwa, ruwan ɗumi da gishiri."

Shi ke nan. Shekara talatin da ɗaya, bai ɗauki minti ɗaya ba, kuma ban mutu ba. Da na san haka abin yake da araha.

A mota Auta ta kunna rediyo, ta kashe. Ta ce ko in kwana gidansu, na ce ina da gida. Littafin yana kan kantar littattafaina yanzu, tsakanin waɗanda ban yarda da su ba, wurin ya fara cika.

Mutane suna zaton abin da ke cin wanda matarsa ta mutu shi ne bai ce mata yana sonta ba, ko bai nemi gafara ba. Sista ba ta jira waɗannan daga gare ni ba, ta san wanda ta aura. Abin da ta jira bai kai haka tsada ba. Ta sauko matakala ɗari huɗu da sha biyu, takalminta fari ya yi ƙura, tana haki, fuskarta cike da labari. Ta tsaya a gabana. Ta ci gaba da tsayuwa a falo, da butar shayi a hannu, shekara talatin da ɗaya. Na yi wa ɗalibai dubbai tambayoyi, na ba su maki. Ita guda ɗaya ce tata, kuma ban yi ba.

Sista, me kika gani?