Sandar da Ba Ta Cika Kwana Bakwai Ba

Duk wanda ya san Malam Dalhatu kafinta a Makera ya san ido ɗaya gare shi, kuma ba a sa shi gaggawa. Idon hagun ya tafi ne tun zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki, lokacin da ma'aikata ke buga hoki da yamma. Ƙwallo ne ya tashi daga sandar amininsa Obinna makanike, ya same shi. Ƙwallon hoki kuwa bai san wasa ba, taurinsa kamar dutse. Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, shi da hannunsa ya lanƙwasa wa Obinna sandar nan, ya kuma cire ta daga matsi kafin ta bushe.

Ranar Talata da hantsi, ana yayyafi, 'ya'yan marigayi Obinna biyu suka shigo shagonsa. Eunice ce babba, doguwa mai taurin kai irin na ubanta sak. Charity, ƙanwarta, kullum bakinta a washe.

"Baba, gyara na kawo," in ji Eunice, ta miƙa masa wata tsohuwar sandar hoki ta katako, ta gwanjo. "Ran Asabar za a zaɓi 'yan wasan jiha. Mutum ɗaya suke nema, mai bugun kwana."

Ya goga alli a ƙarƙashin kan sandar, ya ce ta sunkuya yadda take yi a fili, ta ja ta a kan siminti. Da ya juya sandar, sai ya ga allin ya goge ta wajen dunduniyar sandar kaɗai, bakin bai taɓa ƙasa ba.

"Ba ta kwanta miki daidai ba. Wanda ya fi ki gajarta aka yi wa ita. Wannan mai sauƙi ne."

"Har da cikinta nake so ka ƙara lanƙwasawa, Baba. Sosai. Ina so in ɗauki ƙwallo ya tashi sama."

Ya kifa sandar a kan teburin aiki, ya ɗauko marfin kwalbar lemo ya tsayar da shi a gefensa, ya tura ƙarƙashin lanƙwasar. Marfin ya tokare.

"Kin ga wannan? Ranar da ya wuce ta ƙasa, sanda ta fita daga doka. Zan kai miki ita bakin iyaka, ba zan wuce ba. Amma sai ta yi kwana bakwai a matse. Damina ce, katako ba ya bushewa da wuri. In aka cire shi da ɗanyensa, murɗewa yake yi, fuskar sanda ta kalli sama. Daga nan ba ke ke aika ƙwallo ba, shi ke zuwa inda ya ga dama."

"Asabar fa kwana huɗu ne."

"Ki ari ta wata ki yi gwajin. Wannan ta gaba ce."

Charity ta tuntsire da dariya. "Ta ari duk wadda take so, Baba, ni zan tare ta. A ɗaya ɓangaren aka sa ni, kuma ni ce mai fita ta farko."

Dalhatu ya juyo da idonsa mai gani ya dube ta. Ya san aikin mai fita ta farko, ai shi ya yi shi. In za a yi bugun kwana, masu tsaro kan jeru a bakin raga, da an turo ƙwallo sai ɗaya ta ruga kai tsaye zuwa ga mai bugu.

"Kina da abin kare fuska?"

"Ɗaya gare mu, na gola ne."

"Kwana bakwai, Eunice," ya sake faɗa.

"Na ji, Baba."

Da sauri ta amsa, kuma wallahi ya kamata saurin nan ya ishe shi gargaɗi. Amma son aiki ya rinjaye shi, don mutumin da ya iya abu ba ya son ya ga an kai wa wani. Ya ɗora tukunya, ya turara sandar har ta yi laushi, ya ɗaure ta a jikin katakon awo da ƙarafan matsi uku. Ya rubuta ranar cirewa da alli a bango.

Ran Juma'a ya tafi masallaci, ya jawo ƙofa kawai kamar yadda ya saba. Da ya dawo, ƙarafan nan uku suna jere a kan tebur, an ma share musu ƙura. Sanda babu. Ya kira wayar Eunice har sau shida, tana ta ringi ba a ɗauka. Ya tafi gidansu a Sabon Tasha, uwarsu ta ce ai an kwashe 'yan wasa duka zuwa masauki tun azahar, ita ma ba ta san inda yake ba. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda rabonsa da shi shekara talatin.

Asabar da sassafe ya tari keke napep. Ruwa ya cika hanya, wata tirela ta maƙale a mararraba, suka yi tsaye cak. Ya sauka ya kama tafiya a ƙasa, tsoho da ciwon gwiwa, taɓo har idon sawu.

Yana isa filin makarantar da ake gwajin, ya ji usur. Bugun kwana ne. Eunice ta sunkuya a bakin da'irar da ke gaban raga. Ko daga nesa ya gane sandarsa, ya kuma ga yadda hasken safiya ke sauka a fuskar sandar, wadda da a ce lafiya take, gefe za ta kalla. A bakin raga Charity ta duƙa, fuska a buɗe, tana murmushi.

Aka turo ƙwallo. Charity ta fito a guje.

"Charity!"

Ta ɗan karkata kai wajen muryar, kaɗan ƙwarai. Ƙwallon ya bi ta inda idonta yake a daƙiƙar da ta wuce, ya shafi kunnenta, ya faɗa can saman raga.

Fili ya kaure da tafi. Masu zaɓen 'yan wasa su uku suka miƙe tsaye, ɗaya yana rubutu. Dalhatu dai ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa.

Bayan an tashi, yaran suka zo suka same shi a nan. Charity ta danne kunne da gefen rigarta, jini ya ɓata kafaɗar, amma dariya take yi.

"Baba, ka ba ni tsoro da kiran nan naka. Da na tare shi."

"An ɗauke ni, Baba," in ji Eunice, idonta na ƙyalli. "Ka yafe mini. Amma ka ga ai ba abin da ya faru."

"Ina kika nufa da bugun?"

"Ƙasa, ta dama."

"Ya tafi sama, ta hagu. Ba ni ita in mayar matsi."

Ya miƙa hannu. Ta mayar da sandar bayanta. Ko a hakan ya hangi kan, ya ga murɗewar ta fi yadda ya zata, kuma katakon bai gama tafiya ba. Wasu 'yan mata huɗu sun riga sun kewaye shi, kowace riƙe da tata sandar, suna tambayar ina shagonsa yake, su ma irin ta Eunice suke so, ta kwana uku.

"Ba yau ba, Baba," in ji Eunice a hankali. "Koci ya ce gobe zan yi bugun kwana sau ashirin, ya ga ko sa'a ce."

"Wa zai fita na farko?" in ji Dalhatu.

Charity ta ɗaga hannun da ke da jini.