Kaskon Wuta a Ɗakin Jego

"Fitar da kaskon nan waje, Goggo," in ji Mama Bibiana. Tana dafe da ƙyauren ɗakin jego, numfashi na neman gagararta.

Goggo ta yi mata kallon sama da ƙasa. Katanga ɗaya ce tsakaninsu a Samaru, shekara da shekaru suna tsiyarsu ta maƙwabta. Amma tun da ciwon zuciya ya kwantar da Bibiana, tsohuwar nas, ko ƙofar gida ba ta leƙowa. Kukan jinjiri ne ya taso ta.

"Ke da ko tsayuwa ba kya iyawa? Mu da wuta aka yi mana jego, ga mu nan daram."

"Taɓa yaron ki ji."

Goggo ta taɓa jikanta, ta ji shi rau kamar murfin tukunya. Gabanta ya faɗi, don ita ce da hannunta ta naɗe shi cikin zannuwa, wai kada sanyi ya kama shi.

Bibiana ta zube kan tabarma, ta warware yaron, ta sa aka buɗe taga. Ta jiƙa tsumma da ruwa mai ɗan ɗumi tana goga masa a goshi da hammata.

"Zubaidatu, ba shi nono, ko kaɗan-kaɗan ne," ta ce da maijegon. "Kar a ɗura masa jiƙo. Zazzaɓin jinjiri ba a zama da shi a gida. Mijinki ya nemo mota."

"Kafin suna?" Goggo ta zabura. "Wa ya taɓa fita da ɗanyen goyo?"

"In kika jira ranar suna, wa za a raɗa wa?"

Goggo, wadda ba a taɓa kayar da ita a magana ba, ta ja mayafi ta ɗauki yaron da kanta.

A asibiti aka ce ciwon cibiya ne ya shiga jikinsa, aka riƙe su ana allura har zazzaɓin ya sauka. Ranar da suka dawo, suka tarar da bencina a ƙofar gidan Bibiana, matan cocinsu daga Sabon Gari suna waƙa ƙasa-ƙasa.

Clara, 'yar Bibiana, ta taro su. "Mama ta tafi jiya da la'asar, Goggo. Sai da ta tambaya ko yaron ya kama nono."

Goggo ta dubi matan da ke waƙa. Ba ta taɓa zaman makokin Kirista ba, ba ta san me ake faɗa ba. Ta tsaya rungume da jikanta yana barci. Wata mata a bakin benci ta matsa mata, ta zauna.